Muryar Mai Nama a Bakin Kukun Japan

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan tukuna, in ba ku labarin aikin da kuke cewa ba aiki ba ne. Jiya 'yar ƙanwata ta nuna mini wani abu a wayarta, ta ce yanzu kowa ma zai iya ɗora Hausa a kan fim, ka danna nan ka danna can, shi ke nan. Na ce mata to. Danne-dannen na yarda ya yi sauƙi. Sai dai ku ji abin da ya same ni tukuna.

Sunana Rabi, amma a nan Greensboro ta Amurka Maman Sadiya ake ce mini, wasu kuma Hajiya mai kaset. Kusan shekara goma na yi ina fassara fina-finai zuwa Hausa a gidanmu na haya da ke unguwar Glenwood. Boko aji uku na yi a Maraɗi, shi ma na Faransanci, na kuwa manta rabinsa. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. In mutum ya yi magana sau biyu a gabana, na ɗauke shi ke nan, har da inda yake jan numfashi.

Wurin ƙanen mahaifiyata na koya, Kawu Ilu. Yana da gidan kallo a bayan gidanmu, rumfar kwano ce da tele ɗaya da 'yan bencuna. Shi yake tsayawa gefen telen da makirufo yana faɗa wa mutane abin da 'yan Indiya ke cewa, alhali shi ma ba jin Indiyanci yake ba. Mata ba sa shiga, ni ta bayan katanga nake ji ina wanke-wanke. Ran nan ya kama ni ina kwaikwayonsa ga tukwane, muryar basarake da ta ɓarawo da ta uwar yarinya duk a jere. Bai ce na iya ba. Cewa ya yi, "Ɓarawonki ya cika sauri. Maras gaskiya a hankali yake magana." Daga ranar ya riƙa koya mini da hantsi kafin 'yan kallo su zo. Ranar kasuwa kuma ya aike ni kamar wadda za ta sayo albasa: "Je ki samo mini murya biyu, ɗaya ta tsoho." In je in tsaya kusa da masu sayar da awaki in yi ta saurare, in dawo in juye masa. Dokarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta. Muryar baƙo ake ɗauka, wanda ya zo cin kasuwa da yamma zai koma garinsu. Ta maƙwabci ba a taɓawa.

Aikina na farko a Amurka don wata mai jego na yi shi. Maigidana, Malam Sani, tasi yake ja, yana fita tun da safe, ni ina gida. Matar tana kwance ba uwa ba ƙanwa a kusa, tana kallon fim ɗin Indiya ba ta gane komai. Na zauna gefenta ina yi mata muryoyin da baki. Ta yi dariya har ɗinkinta ya motsa. Mijinta ne ya ce me zai hana a ɗauka a kaset, shi ya kuma haɗa mini kayan: bidiyo biyu, ɗaya na wasa ɗaya na ɗauka, ƙaramar na'ura a tsakaninsu mai rage muryar 'yan fim ta ɗaga tawa, da makirufo da na sa wa safar Sadiya don kada numfashi ya riƙa bugunsa. Ɗakin aikina lungun rataye tufafi ne. Na jera barguna a bango, na shigar da ƙaramar tele da kujerar tsugunno. Da rani in na fito kamar an tsamo ni daga rijiya.

Kaset ba ya yafiya, wannan ne ba ku sani ba. In kin yi tuntuɓe a minti na arba'in, ko dai ki bar shi haka ko ki koma baya ki nemi gaɓar da za ki haɗa ba a ji ɗinki ba. Jirgin ƙasa yana wucewa ba nisa da mu, na san lokutansa fiye da direbansa. Ɗaliban jami'a da ke haya a gidan kusa kuwa ba su da tsayayyen lokaci, sai dai in sun kunna kiɗa ki kashe naki ki je ki dafa citta da zuma ki jira. Daga baya aka koma faifai, abin ya ɗan yi sauƙi, amma lungun bai canza ba.

Ma'anar maganar kuma daga Anti Mariya take zuwa. 'Yar zangon Kumasi ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, Turanci kamar ruwa. Ranar hutunta takan zo mu zauna da kwanon gyaɗa, tana karanta rubutun Turancin da ke ƙasan fim tana juya mini. Sau ɗaya muke bi. Ba na rubutawa, a kai nake ajiyewa. In ta tafi, in sake kallo sau biyu ba sauti, ina kallon leɓe da kafaɗa, sannan in shiga lungu.

Masu sayen kaset ɗina mata ne masu zaman gida, da masu shagon kitso da ke son abin da zai zaunar da mutum awa shida, da direbobin tasi. Kowa da halinsa. Akwai wadda ta dawo mini da kaset ta ce in canza ƙarshen, wai yarinyar ba ta cancanci mutuwa ba. Na ce Hajiya ni baki nake sa musu, ba rai ba.

Abin da ban lura yana ƙarewa ba shi ne muryoyi. Na zo da su daga Maraɗi kamar yadda ake zuwa da kuka da daddawa, ina ɗiba kaɗan-kaɗan. A nan babu kasuwar da za ki tsaya ki saurari baƙo, kowa yana cikin motarsa gilas a rufe. Ni kuma ba mai son fita ba ce. Sau ɗaya na hau bas ni kaɗai, na tsinci kaina a babbar tashar cikin gari ban san ta dawowa ba, tun daga nan na ce gida ya ishe ni. Sai mutane suka fara cewa, "Maman Sadiya, wannan alƙalin ai shi ne ɗan sandan wancan fim." Gaskiyarsu. Muryoyin da nake ji sabbi duk na masu shigowa gidana ne.

Fim ɗin Japan ya zo a muguwar shekara, shekarar da aka yi ta sallamar mutane daga masana'antu, waɗanda suka rage kuma suka koma kallo a kwamfuta kyauta. Sai in yi mako biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ɗaliban gidan kusa sun tashi a ƙarshen zangon karatu, sun zube tarkacensu a bakin titi yadda suka saba, Malam Sani ya tsinto kwalin faya-fayai a ciki. Ya ce, "Gwada wannan. Mutane sun gaji da rawa a kan dutse."

Labarin wani kuku ne mai ƙaramin gidan abinci, kujera shida. Wani attajiri ya taɓa ɗora wa ƙanensa laifin da bai yi ba, yaron ya lalace a kurkuku. Kukun bai ɗauki wuƙa ya bi shi ba. Ya koyi dafa abin da attajirin ya fi so, har mutumin ya zama ba ya cin abincin rana sai a wurinsa. Shekara da shekaru yana ajiye masa kwano, yana rusunawa. Sai wata rana, mutumin ya cinye ya goge baki, kukun ya faɗa masa sunan ƙanensa, ya ce, "A cikin kwanonin da na ba ka, ɗaya yana da abu a ciki. A hankali yake aiki." Bai ƙara ko kalma ba. Attajirin ya zagaye likitoci, ba a ga komai ba, don babu komai ɗin. Amma ya kasa cin abincin kowa, har na matarsa. Yana ramewa, yana dawowa yana tsayawa a ƙofar gidan abincin yana tambaya, "Wane kwano ne?" Kukun yana goge teburinsa.

Da muka gama bi, Anti Mariya ta dubi gyaɗar hannunta ta mayar da ita kwano. Ta ce, "Ei, mutanen nan sun iya mugunta paa. Rabi, wannan zai sayu."

Matsalata shiru ne. A fim ɗin Indiya magana ba ta yankewa, in ta yanke waƙa ta ɗauka. Waɗannan kuwa sai mutum ya zauna yana kallon kwano minti uku, ba abin da ake ji sai tafasar ruwa. Mai fassara tsoron shiru yake, don mai saye zai ce kaset ya lalace. Ga kukun ba ya ihu, ba ya zare ido, duk muryoyin mugaye da nake da su ba wadda ta zauna masa. Ina son murya mai laushi, ta mutumin da ya saba miƙa wa mutane abinci. Na shiga lungu na buɗe baki, sai ga ta ta fito da kanta, a hankali, da ɗan tari guda kafin kowace magana. Duk inda kukun ya ajiye kwano ya yi shiru, sai in cike wurin da, "A ci lafiya. To madalla, a ci lafiya." Ta zauna masa kamar an auna. Ban tsaya tambayar kaina inda na samo ta ba.

Muryar Alhaji Mamman mai nama ce. Dattijo ne ɗan Damagaram, yana zuwa gonakin bayan gari ya yanka rago ko sa, ya rarraba a gidajenmu cikin kuloli a bayan motarsa. Duk wanda ya miƙa wa leda sai ya yi tarin nan ya ce a ci lafiya. A shekarar an sallame shi daga masana'antar da yake aiki, naman ne kaɗai ya rage masa, yana da iyali a nan da can gida. Babbar Sallah saura mako goma, kuma ragunan layya da mutane ke sa shi ya nemo musu su ne ke riƙe shi rabin shekara.

Faifan ya sayu fiye da duk abin da na taɓa yi. Na yi zaton gwanintata ce. Sai Malam Sani ya dawo daga masallacin Juma'a ya ce, "Rabi, kin san wa kika sa a fim ɗin nan?" Wai ana fitowa salla, 'yan tasi suka jeru suna rusuna wa Alhaji Mamman irin na Japan suna tari suna cewa a ci lafiya, shi kuma yana amsawa da madalla bai san dalili ba.

Da a wasan maza ya tsaya, da sauƙi. A bakin mata ya juya. Hajiya Balki mai shagon kitso, wadda faifan ke yawo a telenta safe da rana, ita ta bugo mini waya.

"Maman Sadiya, tsakanina da ke. Me kika ji game da mutumin nan?"

"Wallahi ban ji komai ba, Hajiya."

"Ke da ba kya fita amma ba abin da ke wuce kunnenki? Duk muryoyin duniya ki rasa ta wanda za ki sa wa mai guba sai tasa?"

"Ai ko a fim ɗin babu guba."

"Haka kukun ya so a ɗauka," in ji ta.

Ba wanda ya ce ya yarda. Kowa cewa yake ba wai ya yarda ba ne, amma bana zai gwada wani mai naman. Cikin mako biyu wayar Alhaji Mamman ta yi shiru.

Ranar wata Asabar da hantsi ya yi sallama, ba leda a hannunsa. Suka gaisa da Malam Sani, ya zauna, ya ce yana son ya ga fim ɗin da aka ce ya fito a ciki. Na sa masa, na koma bakin kicin na tsaya. Awa biyu bai motsa ba, shayinsa ya huce. Da aka gama ya yi tarinsa, ya ce wa maigidana, "Wuƙar mutumin nan mai kyau ce." Sannan ya juyo wajena. "Hajiya, tarin kin yi shi daidai." Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu, ya sa takalmansa ya tafi.

Juma'a ta zagayo, aka ƙwanƙwasa. Shi ne, da cinyar rago a leda. Na ce ban yi oda ba. Ya ce kyauta ce. Ya miƙo da hannu biyu, ya ɗan rusuna, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "A ci lafiya." Ya juya.

Na san babu komai a naman nan. Ni na yi fim ɗin da bakina, na san ƙarshensa. Na fiddo tukunya, na yanka albasa, na tsaya ina kallon ledar. Sai na buɗe firiza na sa ta can ƙasa, na dafa mana kifin gwangwani. Juma'a ta biyu, haƙarƙari. Ta uku, hanta da ƙoda, ya ma gyara su. Kullum hannu biyu, kullum rusunawa. Malam Sani har ya daina cin abinci don dariya. Ya ce, "Ke kika haƙa, ke kika faɗa. Ni dai ki soya mini hantar." Na ce ta yi ƙanƙara.

Anti Mariya ce ta buɗe firizar tana neman ruwan sanyi ta ga ledoji uku a jere. Ta rufe, ta dube ni.

"In ke da kika san ƙarya ce kin kasa ci, su Balki fa? Saura kwana nawa Sallah?"

"Goma sha biyu."

"Taron mata na watan nan gidan wa?"

"Gidana."

"To sauke naman ya narke."

Ranar Lahadi na dafa shi duka. Cinyar na yi farfesu, haƙarƙarin na gasa da yajin ƙuli, hantar na soya da albasa. Mata suka cika falon har bakin ƙofa, yara suna tsakar gida suna ta Turancinsu. Na jira sai da kowa ya zuba, hannu ya shiga kwano, Hajiya Balki ta kama ƙashi tana cewa wannan naman ba na kanti ba ne, a ina na samo. Na ajiye mata ƙarin romo a gabanta da hannu biyu, na yi tari guda, na ce, "A ci lafiya."

Irin shirun fim ɗin nan ne ya sauka a falona. Wannan karon ban cike shi ba. Na zauna a tsakiyarsu, na zaɓi tsokar da ta fi girma, na ci, na tauna a hankali kowa yana gani, na haɗiye, na ƙara. Sannan na gaya musu gaskiya, wadda ba ta da daɗin ji: ban san komai game da Alhaji Mamman ba sai alheri, muryoyina ne suka ƙare, na yi ƙyuyar fita neman wasu, na ɗauki ta wanda ke kawo mini nama har ƙofa. Na ce naman nan mako uku yana firizata ni ma ina tsoronsa, kuma ga shi na ci.

Hajiya Balki ta dubi ƙashin hannunta. Ta ce, "To ni dai na riga na ci rabi, in mutuwa ce ta same ni da ƙoshi." Ta ci gaba. Dariya ta ɓarke, aka koma kwano. Kafin a watse Anti Mariya ta bi su ɗaya-ɗaya da waya a hannu, duk wadda gidanta ba su yi maganar rago ba sai ta kira Alhaji Mamman a gabanta.

Ba duka suka dawo ba. Wasu sun riga sun ba wani, ba a fasawa. Alhaji Mamman ya ga Sallar da ƙyar, amma ya gan ta, ya kuma ci gaba da sana'arsa. Ni na bi gidaje na karɓo faya-fayan da na iya samu, na sake fassara fim ɗin da wata murya, na bar shirun a inda masu shi suka ajiye shi. Ba wanda ya so wannan na biyun. Sun ce ba gishiri. Daga nan kuma duk Talata Malam Sani yana sauke ni a tashar bas ta cikin gari, in zauna a benci awa ɗaya kamar mai jiran mota. Ba sai na ji Turancinsu ba. Muryar tsohuwa mai faɗa da direba in an sa mata Hausa, daidai take zama.

Juma'ar bayan Sallah aka ƙwanƙwasa. Wannan karon odata ce, na kuma biya. Na ce, "Alhaji, na ci naman nan fa, duka ukun."

Ya ce, "Na ji labari. Madalla." Ya kai bakin mota, ya buɗe ƙofa, sai ya waiwayo. "Har da na Juma'a ta biyun?"

Na ce, "Me ya samu na biyun?"

Ya tsaya yana kallona har na ji jirgin ƙasa na ƙarfe sha ɗaya ya wuce. Sannan ya yi tarinsa guda, ya shiga mota, ina ganin kafaɗunsa suna rawa don dariya har ya sha kwana.

To ku da kuka ce danna waya ne kawai, ku gaya mini tsakani da Allah: da ku aka miƙo wa ledar nan da hannu biyu, ranar farko za ku ɗora tukunya, ko ku ma firiza za ku buɗe?